Ba Ido Ne Ke Damuna Ba

"Idan maganin asibiti ya warkar da ke, ni da kaina zan kai Rahila."

Babban wanmu, Yaya Bitrus, shi ya faɗi haka a gaban matarsa. Yau wata tara ke nan da na koma aji ina koyarwa. Ƙanwarmu Rahila kuwa tana nan a gidan addu'a a Ribah, ana sa ta azumi, ita da dama ba ta cin abinci.

Na daɗe ban rubuta komai a nan ba. An gaya muku wayata ce ta lalace. Ba waya ba ce, ni ce.

Abin ya fara bayan girbin bara waccan. Abinci ya fita raina. Ni da nake gama littafi cikin kwana biyu, sai in yi sati a shafi ɗaya. Wata rana na tsaya gaban ɗalibai da alli a hannu, sai hawaye, ba dalili. Sau uku ana ba ni maganin taifot. Wata a majami'a ta ce bangaskiyata ce ta yi sanyi. Shekarata ashirin a zumuntar mata, ita ko lokacin ta shigo.

Wata nas ce ta ce in ga likitan ƙwaƙwalwa, kuma sai an je birni.

Yaya ya raka ni. A bakin ƙofar asibitin muka ci karo da wani ɗan garin Kanya, can wajenmu, da ya san shi. Kafin mutumin ya gama gaisuwa, Yaya ya ce, "Ido ne ke damunta." Ya ja ni sashen ido, ya zaunar da ni a layi.

"Hannatu, ki ɗan riƙa lumshewa," in ji shi.

Awa guda ina lumshe ido lafiyayye, har mutumin ya tafi. Saura kaɗan layina na gaskiya ya wuce ni.

Ga abin da Yaya ke jin tsoro. An yanka mini kati, an auna jini da nauyi. Ɗakin likita tebur ne da kujeru biyu da fanka da ba ta juyawa. Ba sarƙa, ba ƙarti, ba allura. Magana ce kawai, kusan awa ɗaya: yaushe ya fara, yaya barci, kina jin muryoyi, kina shan giya. Ta tambaye ni ko na taɓa tunanin kashe kaina. Na ce e. Ba ta zaro ido ba, ba ta yi mini wa'azi ba. Ta ce, "Kin kyauta da kika faɗa. Ciwon damuwa ne, kuma yana da magani."

Ta nemi wanda ya rako ni ya shigo. Yana can sashen ido.

"Akwai mai irin wannan a gidanku?"

Na ce mamarmu takan rufe ɗaki wata da watanni, ana cewa iska ce. Na ce ga Rahila ma. Likita ta ce, "Ku kawo ta, kada ku jira."

Sati biyu na farko maganin bai yi komai ba sai bushe mini baki, kuma ta riga ta gaya mini haka. A sati na shida na ji yunwa, na tuƙa tuwon dawa da hannuna.

Na gode wa Allah, da likitar nan, da nas ɗin da ta faɗi abin da dangi suka kasa. Idan za ku je, ku rubuta damuwarku a takarda, don baki kan ɗaure. Ku tafi da magungunan da kuka sha. Ku faɗi gaskiya ko da kunya. Kuma ku zaɓi ɗan rakiyar da zai shiga ɗakin.

Yaya, na san kana karantawa. Ka ce sai bayan damina, damina ta wuce. Ka ce sai bayan girbi, dawa ta shiga rumbu. Jiya ka faɗi na cikinka: "Idan aka ji, wa zai nemi 'ya'yana?" Rahila ma 'yar wani ce, kuma da na riƙe hannunta Lahadin nan ƙashi na ji.

Na ba ka zuwa Litinin mai zuwa. Idan ba ka kai ta ba, Talata da safe zan hau mashin zuwa Ribah in ɗauko ta. Duk ɗan ƙasarmu ta Zuru da muka haɗu da shi a ƙofar asibiti, zan gaishe shi, in tambayi iyalinsa, sannan in gaya masa sashen da za mu.