Na Zaci Taba Ce Ke Riƙe Mini Dasashi

Haƙora goma sha ɗaya na rasa, kuma babu wanda ya doke ni. Ni majemi ne a nan Damagaram, ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ɗana ke rubuta wannan ina faɗa masa. Tun ina saurayi na shiga majema. Wanda bai taɓa tsayawa kan jiƙaƙƙiyar fata ba bai san wari ba. Don in kashe warin nan na fara shan taba sigari, kara ɗaya da safe, har ya zama kwali a wuni.

Shekaru ina sha, ban taɓa ganin jini a asuwakina ba, har alfahari nake da haka. Wani azumi mai ɗakina ta matsa mini, ta ce bakina ya fi majemar wari, yara ma kau da kai suke in na yi magana. Na ji zafi, na bar taba ɗungurum. Bayan 'yan kwanaki sai jini ya ɓalle, ko tofar da yawu na yi sai na ga ja, har ina shakkar azumina. Wani dattijo da muke jima tare ya ce ai hayaƙi ke ɗaure dasashi kamar yadda bagaruwa ke ɗaure fata, in koma kawai. Abin da nake so in ji ke nan. Ranar ana shan ruwa na kunna. Jinin ya tsaya, na ce magani ya yi.

Daga baya dasashin ya riƙa ja da baya, haƙora suka yi tsawo, suna girgiɗa, mugunya na fita. Na farko a cikin rogo ya fita, ko zafi babu. Da na je gidan likita, lokotoro ya duba ya ce taba ba ta warkar da komai ba, ɓoye jinin take yi, ciwon na cin ƙashi a ƙasa. Ya ce da lokacin da jinin ya fito na zo, da an ceci mafi yawansu.

Ban ga laifin dattijon ba, ni na zaɓi maganar da ta yi mini daɗi. Mai shan taba, rashin jini ba lafiya ba ne. In ka bar taba ka ga jini, gidan likita za ka je, kada ka koma teburin mai sigari.

Na bar taba yanzu. Ina nan majema, shekarata arba'in da shida, fura da kunu ne abincina.