Gilashin motar Usman ya tare a falona

Ina tsaye a warsha, wato garejin gyaran mota, a unguwar Khumra da kular abinci a hannu, sai na ga makanike ya ɗauki gilashin bayan motar ƙanena Usman zai jefa kan tulin shara.

Tsohuwar motar Babanmu ce. Usman ya shiga ƙungiyar masu tseren mota na sha'awa, shi ne yake ta rage mata nauyi. An cire kujerun baya, gilashin kuma za a sa na roba. To amma a jikin tsohon gilashin akwai "Masha Allah" da Baba ya liƙa tun ranar da ya sayo ta.

Na ce da makaniken, "Usta, don Allah dakata, sunan Allah ne a jiki."

Muka yi ta kankara da reza, rana ta riga ta gasa rubutun, ya ƙi fita.

Na ce da Usman, "Ni zan tafi da shi. Amma kai haka za ka shiga taro, ba abin da zai tuna wa mutane su ce Masha Allah? Kambun baka fa?"

Ya yi dariya. "Yaya, sau uku ina zuwa na ƙarshe. Wa zai yi mini baki? Miskin suke ce mini, har addu'a suke mini."

Halas, shi ke nan, aka naɗe gilashin a bargo, na rungumo shi a tasi har gida a Aziziyya. Yanzu yana saman kabad, maigidana yana ta tambayar yaushe sauran motar za ta iso.

Ƙila na tsananta, amma hankalina ya kwanta. Ku da kuna wurin, ya za ku yi da shi?