Maɓalli na Shida

Babana, Malam Hambali, bai taɓa rufe murfin abin da ya ƙera ba. Duk Rijiyar Lemo an san shi da wannan. Kakansa daga Borno ya zo Fagge da fataucin kanwa, shi kuma ya tashi da ƙaunar waya da dalma. Ya fara da gyaran rediyo a wata 'yar rumfa a Sabon Gari, da rediyo ta ja baya sai ya koyi rubuta wa ƙananan fanel na lantarki umarni da tsohuwar kwamfuta, yana da shekara hamsin da ɗoriya.

Basira kam Allah ya ba shi. Ya yi mana fanka mai tashi da kanta in zafi ya yi, da ƙararrawar da ke sanar da cikar tankin ruwa. Amma in abu ya kama aiki yau, jibi za ka tarar da shi a warwatse a kan tabarma, wai akwai ɗan gyara. Alhaji Fatai, mai sayar masa da kayan haɗin lantarki a rumfar kusa, yakan ce Hambali ba ya tsoron abin da ya lalace, mai aiki ne ke hana shi sukuni. Innata Falmata dariya kawai take yi. Ni, Surayya, autarsu, ban taɓa ganin abin dariya a ciki ba.

Shekara biyu da suka wuce ɓarin jikin Inna na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Macen da ake jin muryarta tun daga bakin layi ta koma kallo da ido. In tana son ruwa mu kawo filo, in ciwo take ji mu kawo koko. Takan juya fuska bango, hawaye na bin kunnenta.

Baba ya karɓi wayoyinmu ya kwashe duk saƙonnin muryar da ta taɓa turo mana. Sati uku yana yanka su a kwamfuta. Ran nan ya shigo da robar zuba abinci, an huda ta an sa maɓalli biyar da 'yar sifika, wayoyi na leƙowa ta gefe. Ya ɗora hannunta na hagu a kai. Ta danna, sai muryarta ta ce, “Surayya.” Sauran huɗun su ne ruwa, alwala, ciwo da alhamdulillahi. Wata bakwai Inna tana magana da robar nan, har tsokanata take yi, ta kira ni in zo ta danna alhamdulillahi.

Abu ɗaya ya rage. Kullum in Baba zai fita, sai ta riƙa buga yatsa a gefen na biyar, inda babu maɓalli, tana dubansa. Ya gane babu abin kiransa a ciki. Ya tono wani tsohon saƙo da ta tura masa wata rana da ya daɗe a rumfa, ya ce shi zai sa mata.

Ranar Talata ce ya zo ɗaukar robar. Inna ta kwana biyu jikin ba daɗi, ta rungume ta a ƙirji. Na ce ya bari sai ta ji sauƙi, ko ya haɗa wata dabam.

“Maɓalli ɗaya ne, Surayya. Kafin azahar na dawo.”

“Baba, na san azahar ɗinka.”

Ya lallaɓa ya zare ta daga hannunta. Daga baya Alhaji Fatai ya gaya mini cewa kafin sha ɗaya an gama maɓallin. Sai Baba ya ji sifikar na ɗan kaurara mata murya, ya canza ta. Daga nan wayoyin suka ba shi kunya, ya warware su duka, ya ce matarsa ta fi ƙarfin robar abinci, akwatin katako zai yi mata. Wayarsa tana jone da kwamfuta, ya kashe ƙararta.

Bayan azahar numfashin Inna ya canza. Na kira shi ya fi sau ashirin. Bakinta na motsi, hannunta na laluben bargo inda robar take zama. Na kawo ruwa, ta kau da kai. Na tambaye ta ko ciwo ne, ba ta dube ni ba. Yatsanta ya wuce gurbin biyar ɗin nan, ya tsaya a na shida, tana ta dannawa a kan bargo. Haka ta yi har ana kiran la'asar ta cika.

Baba ya sauko daga adaidaita da akwatin a hammata, an goge shi yana sheƙi, murfi a rufe ruf. Ya tarar da takalman mata a ƙofar ɗaki.

Wata uku gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma ba zan ce na gama hucewa ba. Amma ina ganin yadda ya rame. Ya daina ƙera komai, sai gyaran caja da tocila. Akwatin yana rumfa a kan kanta, ya manne murfin da gam, babu noti ko ɗaya da zai kwance.

Alhaji Fatai ya ce kullum in rana ta take, Baba yakan ajiye ƙarfen dalma ya danna na shida. Muryar Inna ta fito tas, ba kaushi ko kaɗan: “Malam, ka dawo gida haka nan, abinci zai huce.”

Sai ya rufe rumfa ya taho. Kafin azahar yana gida.