Gwangwanin halalata

Jiya na juye gwangwanin madara gaban Malam Isa, mai aika mana kuɗi gida daga unguwar Hindawiyya a Makka. Sulallan halala ne, kwabban Saudiyya, da na tara a tallan ruwan sanyi, don maganin Inna.

Ko taɓa su bai yi ba.

"Hajiya, takarda nake karɓa. Ƙarfe sai banki."

"Malam, banki ai sai mai iƙama, takardar izinin zama."

"To shi ke nan, yi haƙuri."

Mai kantin unguwarmu ma ya ƙi su, shi da cingam yake ba da canji.

A gida mukan ce "ba ni da ko sisi". Ni ga sisin cike da gwangwani, Inna tana can kwance tana jira.

Jama'a, wannan talaucin meye sunansa?