Mai Ɗorin Kabong da Ƙafar Pam

Kafin leburorin kuza su wuce da kwanukansu a ka, Da Chuwang ya riga ya share ƙofar gidansa a unguwar Kabong ta Jos, ya fere karan ɗori, ya ajiye man kaɗanya a gefen murhu ya narke. Da, haka Birom ke kiran dattijo. Mai ɗori ne, a hannun kakansa ya koya. Bana hannun nasa ya fara rawa, ya ce ya ajiye aiki. Na duba na ga ba wanda zai yi masa taro, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Wanda bai san ramin kuza ba, bari ya ji. Gaɓar rami takan rufta da damina. In lebura ya karye, abokan aikinsa sukan saɓo shi a ɓoye su kai wa mai ɗori, don kada oga ya gani ya soke sunansa. Alhali doka ta ce wanda ya ji rauni a bakin aiki, kamfani ya biya shi diyya, kuma kamfanonin suna da inshora saboda haka. Sai dai ba a biya sai an ga raunin, likita ya shaida. Wanda aka ɗora a gida, ran da ya koma yana ɗingishi, akawu zai ce, "Wa ya sani ko daga kan jaki ka faɗo?" A sallame shi hannu rabbana.

Da Chuwang ya ɗora irin waɗannan ba iyaka. Daga baya ya riƙa ganinsu a kasuwar Katako, masu jini a jika dā, suna tsintar ɓawon katako su sayar. Abin ya ci masa rai. Ya rantse ba zai ƙara taɓa karayar rami ba sai kamfani ya gani da idonsa.

Daminar 1955 aka kawo masa Pam, lebura mai 'ya'ya ƙanana, dutse ya murƙushe masa ƙauri. Matarsa Gertrude ta durƙusa tana kuka.

"Da, ka ɗora shi, don Allah. Mu ba mu son rigima da Bature."

"'Yata, in na ɗora, gobe za su ce ba su san shi ba. Me yaran nan za su ci?"

Ya sa aka ɗora Pam a kan ƙyauren ɗaki, shi da kansa ya kama gefe ɗaya, suka koma har ƙofar ofishin kamfanin suka ajiye. Manaja ya aiko a ce yana aiki. Ruwa ya sauko, tsohon ya cire bargonsa ya rufa wa Pam, ya zauna a taɓo. Leburori suka bar rami suka taru. Waɗanda suka ga abin sun gaya mini Pam yana nishi yana zagin tsohon, shi kuwa hannunsa na kan goshin Pam. Sai da rana ta yi sanyi aka fito da mota aka kai shi asibiti. An makara. Ƙafar nan yanke ta aka yi.

Kamfani ya biya, domin ba yadda zai musa abin da jama'a suka gani. Da diyyar Pam ya sayi keken ɗinki na hannu, yana ci da iyalinsa a unguwar Rikkos. Tun daga ranar, a wannan kamfani, lebura na faɗuwa ake tayar da mota. Ƙafafu nawa suka tsira ta haka, Allah kaɗai ya sani.

Kai ne ka sha zagin unguwa, Da Chuwang, aka ce zuciyarka dutse ce. Kai ne ka kori cinikinka da hannunka. Na gode maka, kuma ba na jin kunyar faɗa: duk lokacin da na tuna zamanka a taɓon nan, ƙwalla takan zo mini. Masu ɗori na Jos, ku yi koyi da shi. Leburori, ku daina ɓoye ciwo. Ku kuma masu kamfani, diyya ba sadaka ba ce, kada ku sake bari sai an shimfiɗa muku mutum a ƙofa kafin ku tuna.

Gertrude har yau ba ta gaishe shi. Da na je yi masa ban gajiya, na tambaye shi ko da a ce ya ɗora ƙafar Pam a ranar, da ta warke. Ya dubi hannuwansa.

"Da ta warke," ya ce. "Kada ka rubuta cewa ban sani ba."