Dutsen Goge Kaushin Kakata

Jiya a Madalla, mai gyaran ƙafa ta ɗauko reza za ta kankare mini kaushi. Na janye ƙafata na ce, "A'a, 'yar'uwa, jiƙa ta za ki yi."

Marigayiya kakata ce ta hana mu reza. In ta ga faso a diddigena, sai ta zaunar da ni gindin mangwaro, ta tsoma ƙafar a ruwan ɗumi, ta goge da ɗan dutsenta, ta cike tsagar da man kaɗanya. Har yau ina jin ƙamshinsa. Takan ce, "'Yar nan, ƙafar da ke kai ki gona ba a yanka ta."

Nata diddigen kuwa duk faso ne, kuma ban taɓa goge mata ba. Allah ya tabbatar da ƙafafun nan a kan siraɗi.