A kawo wa Kawu 'yan majalisa yankan riɗi

Tun hantsi muke gun mai shayi a kasuwar Gadarif, ni da Kawu Idrisa, yana ciniki da 'yan ƙwadagon da za su yankar masa riɗi a gonarsa da ke yankin Simsim. Ya faɗi kuɗin kowace hilla, tarin damin riɗin nan da ake biya a kansa, suka ce wallahi sai an ƙara. Sau uku suna tashi ana riƙo rigarsu.

Ana cikin haka rediyon mai shayi ya ce majalisa ta amince da duk kuɗin da hukuma za ta kashe bana. An karanta, an ɗaga hannu, an watse.

Kawu ya ajiye kofi, ya dube ni. "Ya waladi, ɗana, ba wanda ya ce a rage ko girshi ɗaya daga kuɗin?"

"Ko tari ba wanda ya yi, Kawu."

"Subhanallah! Shekara talatin ina neman ma'aikatan da za a faɗa musu kuɗi su ce muwafik, sun yarda. Ashe suna can an tara su a ɗaki ɗaya, fanka na kaɗa su. A kawo mini su Simsim!"

Babban 'yan ƙwadagon ya yi dariya. "Ya Hajj, da kuɗinka suke cewa muwafik. Taɓa albashinsu ka ga ciniki."

Kawu ya ƙara musu abin da suka nema.

Mai lauje ya san darajar guminsa. To jama'a, namu gumin da ke hannun hukuma, wa ke mana cinikinsa?